Sanatan Nimba da Masu Neman Albarkarsa

A arewa maso gabashin Laberiya, kan iyaka da Gini da Kwaddibuwa, akwai wata jiha mai suna Nimba. In aka ɗebe Montserrado, inda babban birnin ƙasar Monrobiya yake, babu jihar da ta kai ta yawan jama'a. Duk mai neman shugabancin ƙasar ya san wannan lissafi: wanda Nimba ta juya wa baya, da wuya ya kai labari. Kusan shekara 20 ƙuri'un jihar suna aljihun mutum ɗaya, Sanata Prince Yormie Johnson. Labarinsa ne zan bayar, da na manyan mutanen da suka riƙa yin sallama a ƙofarsa duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato. Abin ya faru ne a ƙasar wasu, nesa da mu ƙwarai, don haka shugabannin jam'iyyunmu da 'yan kwamitin tantance 'yan takara su kwantar da hankalinsu. Su dai karanta don su ji yadda ake yi a wasu wurare.

Kafin kowa ya ga baiken mutanen Nimba, sai ya fara jin abin da ya same su. Ranar 12 ga Afrilu 1980 wani saje ɗan shekara 28 mai suna Samuel Doe ya jagoranci ƙananan sojoji suka kashe Shugaba William Tolbert a fadarsa. Bayan kwana goma aka ɗaure manyan jami'an gwamnati 13 a jikin turaku a bakin teku, aka harbe su jama'a na kallo. A 1985 Doe ya tuɓe kaki ya tsaya zaɓe, ya ce shi ya ci. Wata ɗaya bayan haka tsohon abokinsa Thomas Quiwonkpa, ɗan Nimba, ya yi yunƙurin kifar da shi bai yi nasara ba, aka kashe shi. Sojojin Doe, waɗanda akasarinsu 'yan ƙabilarsa ne ta Krahn, suka huce a kan 'yan Gio da Mano, ƙabilun Nimba. Saboda haka lokacin da Charles Taylor ya ƙetaro iyaka da 'yan tawayensa ranar 24 ga Disamba 1989, ta Nimba ya shigo, kuma bai sha wahalar samun matasa ba. A ƙarshen Yulin 1990 sojojin gwamnati suka shiga cocin St. Peter's Lutheran a Monrobiya cikin dare, suka kashe mutum wajen 600 da suka fake a ciki, yawancinsu 'yan Nimba, har da mata da jarirai.

Prince Johnson tsohon hafsan soja ne ɗan Gio. Tare da Taylor ya fara, daga baya suka ɓaɓe, ya ja nasa mayaƙan. Ranar 9 ga Satumba 1990 Doe ya fito daga fadarsa ya tafi tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, inda rundunar ECOMOG ta kafa hedikwata, rundunar da mafi yawan dakarunta 'yan Najeriya ne, kwamandanta kuwa a lokacin Janar Arnold Quainoo na Gana. Can mayaƙan Johnson suka ritsa shi, suka karkashe masu tsaronsa, suka harbe shi a ƙafa, suka tafi da shi sansaninsu. Abin da ya biyo baya ba ji-ta-ji-ta ba ne, domin su da kansu suka ɗauka a bidiyo. Johnson na zaune a bayan tebur da gwangwanin giya a hannu, wata mace na yi masa fifita. Doe na ƙasa, daga shi sai ɗan kamfai, hannuwa ɗaure ta baya, jini ya ɓata masa jiki, yana roƙon a sassauta masa ɗaurin. Ana tambayarsa ina ya kai kuɗin ƙasa. Can sai Johnson ya ba da umarni a yanke masa kunne, aka danne shi aka yanke. Doe bai tashi daga wannan azaba ba. Kaset ɗin kuwa ya zaga kasuwannin Afirka ta Yamma, ana saye ana kallo.

Wani zai ce ai Doe abin da ya shuka ya girba. To, ba Doe kaɗai ba ne. A watan Agustan wannan shekarar, a gaban 'yan jarida, Johnson ya harbe wani ma'aikacin agaji ɗan Laberiya da ya zarga da cin riba a shinkafar tallafi, alhali mutumin yana ɗaure da ankwa ɗaya da wani Bafaranshe abokin aikinsa. Babu alƙali, babu shaida, babu ko jin ta bakinsa. Wannan an san shi ne saboda akwai mai kyamara a wurin. Yaƙin Laberiya, kashi na farko da na biyu, daga 1989 zuwa 2003, ya ci rayuka wajen dubu 250, kuma mafi yawansu ba a gaban kyamara suka mutu ba.

A 1992 Johnson ya koma Legas da zama. Ya shekara 12 a can, ya ce ya tuba, ya zama fasto. A 2004 ya dawo gida, shekarar da ta biyo baya ya tsaya takarar sanata ba tare da jam'iyya ba, mutanen Nimba suka zaɓe shi. A wurinsu shi ne ɗan da ya tsaya musu ranar da ake farautarsu. Wanda aka kashe wa uwa a coci, in ya riƙe wanda ya rama masa, ana iya fahimtarsa ko da ba a yarda da shi ba. Ba da waɗannan nake ba. Masu alƙalami a hannu nake nufi, masu ilimi da lambobin yabo, waɗanda ba a kashe musu kowa a coci ba, kujera kawai suke nema.

Kuma sun riga sun ga darasi da idonsu. A zaɓen Yulin 1997 Charles Taylor ya sami kashi 75 cikin 100. Matasa na bin titi suna cewa ko da shi ya kashe musu iyaye, shi za su zaɓa. Hujjar masu hankali a lokacin ita ce in bai ci ba zai koma daji, gara a ba shi a huta. Aka ba shi, ba a huta ba. Shekara biyu kacal yaƙi ya dawo. A 2003 ya sauka ya tafi gudun hijira Kalaba, a Maris 2006 aka kama shi a Gamborun Ngala yana shirin tsallakawa Kamaru, a 2012 kotu ta ɗaure shi shekara 50. Ko wannan hukuncin ma saboda ta'asar da aka yi a Saliyo ne. Na mutanen Laberiya ba a tambaye shi ba, haka na 'yan jaridar Najeriya biyu, Tayo Awotusin da Krees Imodibie, da suka mutu a hannun mayaƙansa.

Yarjejeniyar sulhun da aka ƙulla a Akara a 2003 ta tanadi hukumar bin diddigin gaskiya da sasantawa. Hukumar ta saurari dubban mutane, a tsakiyar 2009 ta fitar da rahotonta. Ta sa sunan Prince Johnson cikin jagororin yaƙin da ta ce a gurfanar gaban kotu ta musamman. Ta kuma ce a hana wasu mutane riƙe muƙami har shekara 30, cikinsu har da shugabar ƙasa mai ci, Ellen Johnson Sirleaf, wadda ta amsa da bakinta cewa ta taɓa ba Taylor gudummawar dala dubu 10 a farkon tawayensa. A farkon 2011 Kotun Ƙoli ta ce wannan hani ya saɓa wa tsarin mulki. Maganar kotun laifukan yaƙi kuwa sai aka sa ta a durowa aka kulle.

Daga nan aka fara layi a ƙofar Sanata.

A Oktoban 2011, kwana huɗu kafin zaɓe, aka sanar da cewa Sirleaf na cikin waɗanda suka ci lambar Nobel ta zaman lafiya. Aka kaɗa ƙuri'a, ba ta kai rabi ba, dole a je zagaye na biyu. Wanda ya zo na uku, da kashi 11 da 'yan kai, shi ne Prince Johnson. Ya fito ya ce Sirleaf zai bi, kuma bai ɓoye dalilinsa ba: ɗaya ɓangaren suna maganar aiwatar da rahoton hukumar nan. Mai lambar zaman lafiya ba ta ce ba ta so ba. Ta gama shekara 12 a mulki ba a kafa kotun ba.

A 2017 George Weah, gwarzon ƙwallon ƙafar nan da duniya ta sani, shi ne a gaba. Jam'iyyarsa ta CDC ce a da take ɗaga murya a kan a hukunta masu laifukan yaƙi. Da aka zo zaɓen mataimaki sai ya ɗauko Jewel Howard Taylor, tsohuwar matar Charles Taylor, domin jam'iyyar mijin nata ta shigo ƙawance da jama'arta. Da aka zo zagaye na biyu sai ga Sanatan Nimba ya ɗaga hannun Weah. Ya ci da kashi 61 da rabi. Shi ma ya yi shekara shidansa ya sauka, kotu shiru. A cikin waɗannan shekarun ne, a watan Mayun 2021, Majalisar Dattawa ta zaɓi Johnson shugaban kwamitinta na tsaro, wato mai sa ido a kan sojoji da bindigoginsu. Sai da ofishin jakadancin Amurka ya yi tir da abin a fili kafin ya ajiye muƙamin. A Disambar wannan shekara Amurka ta ƙaƙaba masa takunkumi, cikin abin da ta zarge shi da shi har da sayar da ƙuri'u a zaɓe fiye da ɗaya.

A 2023 Joseph Boakai, wanda Sanata ya taimaka aka kayar a 2017, shi ne ya zo neman albarka. Wannan karon farashi ya tashi. Ba ɗaga hannu kaɗai ba, kujerar mataimakin shugaban ƙasa ce aka ba Jeremiah Koung, yaron gidan Sanata kuma ɗan jam'iyyarsa. Boakai ya ci da tazarar ƙuri'a dubu 20 da 'yan kai a ƙasa baki ɗaya, Nimba ce ta tsallakar da shi.

Shugabanni uku, jam'iyyu biyu masu gaba da juna, ƙofa ɗaya. Irin maganar da ake yi a ɗakin da ake yanke irin wannan shawara kuwa, duk inda ka je a duniya kusan ɗaya ce, harshe ne kawai yake bambanta. Dare ya raba, an sallami 'yan jarida, an rufe ƙofa, saura mutum biyar ko shida. Sai wani, galibi mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan fa akwai magana a kansa."

"Wace magana? Kotu ta kama shi da laifi?"

"A'a, ranka ya daɗe, amma ai kowa ya gani. Iyalan mutanen nan suna nan da ransu."

"Zargi ne, ɗana. Wa ba a zarga ba a ƙasar nan? Kai ƙuri'a nawa ka kawo a akwatinka wancan zaɓen?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Wani dattijo a gefe ya gyara hula ya ce, "Ku bar wannan. In ba mu ɗauke shi ba, gobe da safe 'yan can sun ɗauke shi. Mu dai ci zaɓe tukuna, in mun hau sai a gyara komai." Aka shafa fatiha, aka miƙa tikiti.

Wannan a Monrobiya ke nan. Ni ban ce kalare ba, ban ce sara-suka ba, ban ce 'yan daba ba, ban kuma tambayi dalilin da ya sa aka taɓa kiran wasu 'yan bangar siyasa ECOMOG a Maiduguri ba. In wani ya ji gabansa ya faɗi, ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hujjojin ɗakin nan uku ne, kuma labarin Sanata ya amsa su duka. Ta farko, kotu ba ta kama shi ba. Gaskiya ne, har ya mutu babu kotun da ta kama shi. Amma wa ya hana a kafa kotun? Majalisar da yake zaune a ciki, da shugabannin da suka ci da ƙuri'unsa. A ba mutum kujerar da za ta tsare shi daga shari'a, sannan a juyo a ce ai shari'a ba ta same shi da laifi ba, wannan wasa da hankali ne. Duba waɗanda ba su sami kujera ba. Alieu Kosiah, kwamandan wata ƙungiyar tawaye, kotun Siwizalan ta ɗaure shi shekara 20 a 2021. Kunti Kamara, Faransa ta hukunta shi a 2022. Ɗan Taylor, wanda ake kira Chuckie, shekara 97 Amurka ta yanke masa saboda azabtar da mutane. Duk a ƙasashen waje. A cikin Laberiya kanta ba a taɓa hukunta ko mutum ɗaya a kan laifin yaƙin ba. Bambancin wanda ke kurkuku da wanda ke majalisa ba yawan jinin da ya zubar ba ne, yawan ƙuri'ar da yake iya kawowa ne.

Ta biyu, in ba mu ɗauka ba wasu za su ɗauka. Wannan ma gaskiya ne, kuma da ita ya ci kasuwarsa. Da manyan jam'iyyun nan biyu sun haɗa baki sau ɗaya sun ce babu mai zuwa ƙofarsa, da ƙuri'un Nimba sun rabu kamar na kowace jiha, kowa ya je ya nemi nasa wurin talakawa kai tsaye. Tsoron da kowannensu ke yi wa ɗan'uwansa shi ne jarin Sanata. Kowane shugaba ya shiga ɗakin yana ganin shi ne ya yi dabara, ya ɗauki mutum aiki na wata uku. In aka rantsar da shi sai ya tarar shi ne ɗan aikin, kuma aikin nasa gadi ne: ya tabbata durowar nan ba ta buɗe ba.

Ta uku, mu ci tukuna sai mu gyara. A nan dole a yi wa Boakai adalci, domin ranar 2 ga Mayu 2024 ya sa hannu a dokar kafa ofishin da zai share fagen kotun laifukan yaƙi. Sai dai an yi haka ne shekara 15 bayan rahoton hukuma, shekara 34 bayan wancan bidiyo. Ranar 28 ga Nuwamba 2024 Prince Johnson ya mutu yana da shekara 72, yana kan kujerarsa ta sanata, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Shaidu da yawa sun riga shi tafiya. Wannan ita ce ma'anar "tukuna" a bakin ɗan siyasa: a jira har mai ƙara da wanda ake ƙara duk su kwanta dama.

Akwai wata hujja ta huɗu da ta fi waɗannan nauyi, kuma ba a raina ta. Ita ce ta zaman lafiya. Wani lokaci dole a zauna da mai bindiga don a tsayar da zubar jini. Abin da aka yi a Akara ke nan, kuma da ba a yi ba da gawawwaki sun ƙaru. Amma sulhun tsayar da yaƙi daban, cinikin cin zaɓe daban. A 2011 ba a harbi a Monrobiya irin na 1990, a 2017 ma haka, a 2023 ma haka. Ba rayukan jama'a ake ceto a waɗannan shekaru ba, kujerar mutum ɗaya ake ceto, sai a lulluɓe ta da rigar sulhu don a ji daɗin faɗa.

Sannan wa ya ba jam'iyya ikon yafewa? Malamanmu kullum suna faɗa mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na wanke shi, amma haƙƙin wani bawa yana nan sai mai shi ya yafe. Johnson ya ce ya tuba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Iyalan ma'aikacin agajin nan fa, an tambaye su? Jam'iyyar da ta ce "a manta da baya" alhali ba ita aka kashe wa ɗa ba, layya take yi da ragon maƙwabci, har tana jiran lada.

Babbar asarar ma ba ta baya ba ce, ta gaba ce. Tikiti sanarwa ce ga duk yaron da ke kallo. In ya ga malamin makaranta ya yi shekara 30 yana koyarwa ko kansila bai samu ba, ya ga wanda ya tara 'yan daba ya ƙona gidajen abokan hamayya ana ce masa mai girma, ya riga ya san hanyar da ke ɓullewa. Jam'iyyar da ta yi wannan ciniki sau ɗaya, a zaɓe na gaba za ta tarar da irinsa biyar a bakin ofishinta, kowanne da nasa yaran, kowanne yana ganin ya cancanta. Ranar da suka juyo kanta kuwa ba ta da bakin kuka, domin ita ta sa farashin.

Kada kuma a ce ai namu bai kai na Johnson ba, shi bai yanke kunnen kowa a bidiyo ba. Johnson ma ba da shugaban ƙasa ya fara ba. Wanda ya sa aka yi wa ɗan jarida dukan kawo wuƙa, wanda ya sa aka tsare yaro wata da watanni saboda ya rubuta abu a Facebook, wanda yaransa suka sari mutane ranar zaɓe shi kuma ya je ya yi belinsu kafin la'asar, wanda ya rushe wa talakawa rumfuna ba sanarwa ba diyya, duk hanya ɗaya suka hau, tafiyar ce wani ya fi wani nisa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tikitin jam'iyya ba gadon uban kowa ba ne, amana ce, kuma mai ba da amana ba ya bukatar hukuncin kotu kafin ya ce wannan hannun ban yarda da shi ba. Ai mun sha ganin kwamitin tantancewa ya zauna kwana da kwanaki yana jujjuya fom, yana neman takardar haihuwa, takardar biyan haraji, shaidar gama makaranta, katin jam'iyya, har a soke takarar mutum saboda sunan da ke wannan takarda ya sha bamban da na waccan da harafi ɗaya. Kwamitin da ke da ikon hana mutum takara saboda takardar firamare ba zai ce ba shi da ikon hana shi saboda kabari ba.